Waiwaye: Soket ɗin da na ƙara a gidan Kawu

Har yau akwai wani baƙin tabo a bangon ɗakin da ke kusa da zaure a gidan kawuna a Shika. An shafe shi da farar ƙasa, an bi da fenti har sau biyu, amma duk damina idan bango ya sha danshi sai ya sake leƙowa, dogo siriri, daga gefen taga ya gangaro zuwa inda kan gado yake. Baƙi kan ɗauka yoyon ruwa ne. Mutanen gida kuwa sun san sawun waya ne, sun kuma san wanda ya ja wayar. Ni ne.

Wanda bai san Shika kafin ƙarshen 2005 ba, da wuya ya gane irin juyin da garin ya yi. Da can in an ce Shika, abin da ke faɗo wa mutum a rai gonar dabbobi ce, wadda Turawa suka kafa tun 1928, daga baya ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, inda aka fitar da kazar nan mai suna Shika Brown. Ban da ita sai gonakin masara, sai motocin Funtuwa da Gusau da Sakkwato suna wucewa ba sa ko rage gudu. Da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya kwaso kayansa ya tare a mazauninsa na dindindin, dare ɗaya ɗaki ya yi daraja. Ma'aikatan jinya, ɗaliban likitanci, masu awon jini, 'yan rakiyar marasa lafiya da suka zo daga nesa jinya ta yi musu tsawo, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Duk mai ɗakin da ya jibge buhunan hatsi a ciki sai ya kwashe, ya shafe, ya sa haya. Kawu ya kwashe ɗaki uku.

An ja wa gidan wuta ne tun zamanin da in mutum ya mallaki rediyo da fanka ya gama mallaka. Kowane ɗaki ƙwai ɗaya a sama, soket ɗaya a bango. Wanda ya yi wayarin ɗin bai ci amana ba, ya ɗinka wa gidan riga daidai jikinsa na lokacin. Su kuwa 'yan hayan da suka zo, da kayansu suka zo: ƙaramin firji, talabijin, cajar waya, dutsen guga saboda farin kayan aiki ba ya son tamoji, sai kuma hita, wannan murɗaɗɗen ƙarfen da ake tsomawa a bokiti, wanda duk wanda ya taɓa wanka da asuba a hunturun Zariya ya san ba kayan alatu ba ne.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta kama ɗakin kusa da zaure. Kowa Sista yake ce mata. Soket ɗin ɗakinta yana bayan ƙofa, in ta buɗe ƙofa sai ta daki filogi. Ta roƙi Kawu a ƙara mata wani kusa da gado. Kawu ya ce bari a nemo mai wayarin. Ni kuwa a lokacin ina karatu a Samaru, ina zuwa Shika kwanan ƙarshen mako, kaina cike da ɗan abin da na haddace a sakandare game da lantarki. Na ce, "Kawu, wannan ai ba sai an kira kowa ba. Waya biyu ce kawai."

Ya dube ni ya ce, "Ka tabbata, ɗana?"

Na ce na tabbata. Ya ƙirgo kuɗi ya ba ni.

Na hau mota ta bi da ni ta Samaru da Kwangila har Sabon Gari, na shiga layin masu kayan wuta. Mai shagon da na tsaya wurinsa Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa daɗin ji. Na ce soket nake so da waya yadi goma. Ya ce, "Me za a sa a jiki?" Na ce soket ne kawai. Ya ce, "Na ji soket ne, malam. Me za a sa masa?" Ya jawo wani naɗi mai kauri, ja da baƙa da koriya, ya ce wannan ita ce ta soket. Da ya faɗi kuɗinta sai idona ya koma kan wata siririyar farar waya mai tagwayen jijiya da ke rataye a ƙofa, wadda ba ta kai rabin kuɗin waccan ba. Ya ce, "Wannan ta fitila ce." Na ce ai caji kawai za a riƙa yi. Bai ƙara magana ba, ya auna ya yanka. Ragowar kuɗin Kawu na ci tsire da su a PZ, na hau mota ina jin na yi wayo.

Yadda na yi aikin, yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ban kashe komai ba, jira na yi aka ɗauke wuta. Na kwance tsohon soket, na tura bakin sabuwar wayar a ramukan da tsohuwar take, na ɗaure. Da na ja ta sai na ga ba ta kai ba, saura kamar kamu biyu. Na samo wani guntu, na fere, na murɗa su tare da yatsa, na naɗe da baƙin salatif. Mahaɗin ya faɗo daidai bayan labule, na ce madalla, ba mai gani. Na bi bango da lanƙwasassun ƙusoshi. Ramin sama na sabon soket, na ukun nan, na bar shi fayau, tunda wayata biyu ce. Da yamma aka kawo wuta, na sa rediyo, ta yi magana. Kawu ya yi murmushi ya ce, "To, boko ya yi rana."

Ya yi ranar kuwa, na ɗan lokaci. Caja ba ta cin komai, rediyo ma haka. Sai hunturu ya kankama.

Wata asuba Sista tana da aikin safe. Ta sa wa soket ɗina filogin nan mai baki uku, ta tsoma hita a bokiti, ta kunna guga ta goge rigarta, ta bar shi a tsaye, ta fita alwala. Inna, matar Kawu, ita ta fara jin warin. Ta ce da farko ta ɗauka yara ne suka jefa leda a murhu. Kafin ta gane daga inda yake fitowa, labule ya kama. Labulen hunturu, ya bushe ƙamas, wuta ta haye shi kamar tana hawa tsani, ta fara lasar silin, gutsattsarin da ke faɗowa suka kama katifa. Yaran gida suka ruga da bokitan ruwa. Allah ya sa wani maƙwabci da ya fito masallaci ya daka musu tsawa, ya ce kada wanda ya watsa ruwa, ya nufi inda mita take ya finciko kat-awut. Sannan aka watsa yashi, aka bi da ruwa. Ba a yi asarar rai ba. An yi asarar labule, da rabin katifa, da littattafanta, da wata jakar leda da ta adana takardun makarantarta a ƙarƙashin filo. Ta yi wata da watanni tana zirga-zirgar neman madadinsu. Ba ta taɓa ce mini komai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka aika mini Samaru, na zo. Na tarar Kawu ya kira wanda ya kamata ya kira tun farko, wani dattijo da ya yi ritaya daga sashen ayyuka na jami'a, mai zuwa ko'ina a kan keke da jakar buhu a bayansa. Na shirya shan faɗa. Dattijon bai ko dube ni ba. Ya wuce ɗakin da ya ƙone, ya tsaya gaban allon fis a zaure, ya zaro ɗaya daga cikin fararen tangaran ɗin nan, ya juya shi. Maimakon siririn zaren fis, sai ga waya mai kauri an naɗa ninki uku.

Ya ce, "Alhaji, wa ya sa wannan?"

Kawu ya sosa ƙeya ya ce, "Fis ɗin ne ya cika ƙonewa tun da 'yan haya suka zo, sai wani yaro ya ce zai yi mana maganinsa."

Dattijon ya ce, "Ya yi maganinsa kuwa. Mai gadi ya cika ihu, kun ɗaure masa baki."

Sai a lokacin ya juyo gare ni. Ya ce, "Kai ne ɗan jami'ar? Zo ka yi mini lissafi." Ya ɗauki guntun gawayi daga cikin ɓarnar ya miƙo mini. Ya juya hita, a jikin hannunta an rubuta wat 1500. Ya juya guga, wat 1000. Ya ce in haɗa. Na ce 2500. Ya ce wutar gida a ƙasar nan bolt 230 ce a ƙa'ida, in raba. Na tsuguna na raba a kan siminti, ya ba ni kusan amp 11. Ya ɗago ragowar farar wayata da ta narke ta manne, ya ce irin wannan in ta yi ƙoƙari ta ɗauki amp 5 ko 6, shi ma in ta kirki ce. Ya bi ta da yatsa har ya kai mahaɗin da na ɓoye a bayan labule, inda jan ƙarfen ya koma baƙi ƙirin. Ya ce nan ta fara. Wayar da aka murɗa da hannu ba ta kama juna sosai, wuta na matsawa ta ƙaramin wuri, wurin na zafi, zafi na sassauta shi, sassauci na ƙara zafi, har ranar da salatif zai narke.

Ya ce, "Yaro, soket baki ne, waya ce maƙogwaro. Ka ƙara wa ɗaki baki, ka ba shi maƙogwaron tsuntsu."

Lissafin nan duk na san shi, na ci jarrabawa da shi. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in tambayi kaina abin da mai shagon Sabon Gari ya tambaye ni har sau biyu. Kuma na gane tun ranar cewa amsar da na ba shi ba ta da amfani ko da gaskiya ce. Ai ba ka rubuta wa soket takarda cewa caji kawai. Yana nan a bango da bakinsa a buɗe, mai ramuka iri ɗaya da kowane soket, kuma duk wanda ya gan shi yana da haƙƙin ya zaci zai ɗauki abin da kowane soket ke ɗauka, wato amp 13, kusan wat 3000. Sista ba ta yi laifin komai ba. In za ka sa soket, to ka sa masa wayar da za ta ɗauki mafi nauyin abin da bakinsa zai karɓa, ko a hannunka ko a hannun wanda zai gaji ɗakin bayan shekara goma.

Kwana biyu dattijon ya yi a gidan, ni ne ɗan riƙe masa tsani. Abu na farko da ya yi kowace safiya, ko akwai wuta ko babu, shi ne ya cire kat-awut ya jefa a aljihun rigarsa. Na ce, "Baba, ai an ɗauke." Ya ce, "Wanda ya ɗauke ya gaya maka ƙarfe nawa zai dawo da ita?" Ko bayan ya cire, sai ya taɓa kowace waya da tasta, kuma tastar ma sai ya gwada ta a inda ya san akwai wuta tukuna, don a cewarsa matacciyar tasta ta fi kowa iya ƙarya. Yau wannan magana ta fi ta wancan lokacin nauyi. Gida ɗaya sai ka samu wutar gari, ga janareto, ga sola da batiranta. Ka kashe ɗaya, ɗaya na nan a raye cikin waya. Mai janareton da ba shi da canji-oba na kirki, wanda ke tura wuta cikin gida ta bakin soket da waya mai filogi biyu, yana iya mayar da wutarsa kan layin unguwa ta sami wanda ya hau fol yana zaton babu komai.

Sabon layin da dattijon ya ja wa ɗakunan haya daga allon fis ya taso, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, guda uku. Ja ita ce mai wuta, baƙa ita ce ta komawa, koriya ta ƙasa. Yanzu akwai masu sabon launi, ruwan ƙasa a madadin ja, shuɗi a madadin baƙi, kore da rawaya a haɗe don ta ƙasa, kuma a gida ɗaya kana iya cin karo da duka biyun. Bayan kowane soket akwai haruffa uku, L da N da E, kowace waya da raminta. In aka juya ja da baƙa komai zai yi aiki lafiya ƙalau, fitila ta kama, fanka ta juya, sai dai makunnin soket zai riƙa yanke wayar da ba ita ba, ka kashe abu amma cikinsa na nan da wuta. Bai yi mahaɗi ko ɗaya a fili ba. Inda ya zama dole, cikin akwati ya yi shi, da maɗauri mai noti. Wayar kuwa cikin fayif ya zura ta, kuma ko dai ta miƙe sama daga soket ko ta bi gefe a miƙe, ba karkace ba, don mai buga ƙusar rataye kalanda ya san inda zai kauce wa. Ya ɗaga soket ɗin sama da inda ruwan wanke ɗaki ko hannun mai rarrafe zai kai. Da wani ɗan hayan ya ce a sa masa ɗaya a banɗaki don hita, cewa ya yi a nemi wani, ba shi ba.

Ya mayar da fis daidai ƙarfin wayar, amp 20 ga layin soket, ƙarami ga layin fitilu masu waya 1.5. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da masu bireka ta zamani. Fis ko bireka, waya suke gadi. Aikinsu su yanke kafin waya ta yi zafin da zai narka rigarta. In bireka na yawan faɗuwa, faɗa maka take yi kaya sun fi ƙarfin layi. Wanda ya cire ta 20 ya sa ta 40 bai canza waya ba, ya yi abin da yaron nan ya yi wa Kawu, garin neman gira zai rasa ido. Manyan masu cin wuta, irin na'urar sanyaya ɗaki da tukunyar girki ta lantarki da tankin ruwan zafi, kowanne layinsa daban yake so tun daga allo, da waya 4 ko 6. Kuma ba a yi wa soket jerin gwano, a ja daga wannan zuwa wancan, daga wancan zuwa na ɗakin amarya, daga can zuwa shagon da aka fasa a jikin katanga, duk a wuyan waya ɗaya da aka sa tun ana ce wa masu wuta NEPA. Sunan ma ya canza zuwa PHCN a 2005, aka sayar wa 'yan kasuwa a 2013, mu har yanzu NEPA muke cewa, wayar ma har yanzu ita ce.

Abin da ya fi ba dattijon haushi ramin saman nan ne da na bari fayau. Ya zagaya bayan gida neman sandar ƙasa, ya tarar wayarta ta tsinke tun tuni, awaki sun gama da ita. Ya sayo sabuwar sandar jan ƙarfe ya kafa a wuri mai danshi kusa da magudanar ruwa, saboda ƙasar da ta bushe da rani ba ta karɓar wuta sosai. Amfanin wayar ƙasa shi ne, ranar da waya mai wuta ta goge ta taɓa jikin firji ko guga, wutar ta sami gajeriyar hanya ta bi, fis ya ƙone, maimakon ta zauna tana jiran hannun mutum. Gidaje nawa ka shiga aka ce maka, "Yi hankali, firjin nan yana ja," an ɗaura tsumma a hannunsa, yara sun koyi sa silifa kafin su ɗauko ruwan sanyi? Mun mayar da abin halin firji, kamar yadda ake cewa jaki yana harbi. Firjin da ke ja gargaɗi ne, kuma mai wankin da ta taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu ƙafa ba takalmi ba lallai ta ba da labari ba.

Akwai abu ɗaya da dattijon bai sa ba a lokacin, ni na sa shi daga baya da na fara ɗaukar albashi: birekar yoyon wuta, wadda masu wayarin ke ce wa ELCB. Ita ba nauyin kaya take aunawa ba. Tana kwatanta wutar da ta fita ta jar waya da wadda ta dawo ta baƙa, in ta ga giɓin da ya kai kashi 30 cikin 1000 na amp ɗaya, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido, don ta san wutar ta bi ta wani wuri, wataƙila ta jikin mutum. Wutar da ke iya tsayar da zuciya ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na amp ba, fis mai amp 20 ba zai ma san an yi ba. A jikin birekar akwai ɗan maɓalli na gwaji, ana danna shi lokaci-lokaci a ga ko tana nan da ranta.

Shi kansa soket ɗin nan mai ramuka uku masu kusurwa, gadonsa muka yi daga Ingila. A 1947 aka fito da shi, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da suke sake gina gidajen da bama-bamai suka rusa ga kuma ƙarancin jan ƙarfe. A kwamitin da ya tsara yadda wayarin gidajen zai kasance akwai mace guda, injiniya Caroline Haslett. Sun sa wa kowane filogi ɗan fis ɗinsa a ciki, suka sa wa ramukan ƙasa biyu ƙyaure wanda ba ya buɗewa sai dogon haƙorin sama ya shiga, don kada yaro ya tura ƙusa. Mu kuwa da abin ya iso hannunmu, sai muka gano cewa murfin biro na buɗe ƙyauren. Wani ma ba ya wahalar sayen filogi, tsirarar waya yake turawa ya tokare da tsinken ashana. Na ga wannan a ɗakunan ɗalibai a Samaru ba sau ɗaya ba, har da ɗakin masu karanta injiniya.

Kasuwa ma ta ƙara wuya. Ni da idona a buɗe na zaɓi siririyar waya, mai shago ya gaya mini gaskiya. Yau kana iya biyan kuɗin 2.5, a jikinta an buga 2.5, ka fere ka tarar cikinta bai kai ba, roba ce ta yi kauri. Wata kuma alminiyam ce aka yi wa wankan jan ƙarfe. Ka kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana ka ajiye musu abinsu. Ka ɗaga naɗin ka ji, ta gaskiya tana da nauyi. Wayoyin da ake yi a gida Najeriya, irin Nocaco ta Kaduna da Cutix ta Nnewi da Coleman, sun yi suna wurin masu sana'ar, kuma saboda sunan ne ma ake buga na jabu da tambarinsu, hukumar SON na kamawa ana sake shigowa da wasu. Dalili ke nan da ya sa ya fi kyau ka tafi kasuwa tare da wanda zai yi aikin, ku je shagon da ya sani, ka biya da hannunka. Amma fa wanda zai yi aikin, ba duk yaron da ya soke tasta a aljihun gaba ba ne mai wayarin. Abin kunya ne a garin da ke da sashen injiniyan lantarki a jami'a, ga kwalejin Nuhu Bamalli, ga hukumar NEMSA da aka kafa a 2015 tana ba masu wannan aiki takardar ƙwarewa, a ce har yanzu wanda ya fi araha muke ba rayukan iyalinmu. Ka tambaye shi takardarsa. In ba shi da ita, ka tambaye shi wace waya zai sa, fis nawa ke gadinta, ina zai haɗa ta ƙasa. In ya ce maka "ba matsala, Alhaji" bai tambaye ka me za a sa a jiki ba, ka sallame shi da kuɗin mota.

Duk hunturu sai mun ji gobara a gida ko a kasuwa, a ce wutar lantarki ce, a ce an kawo ta da ƙarfi, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ana kawo ta da ƙarfin, ban musa ba, na ga ƙwai ya fashe na ga talabijin ya yi hayaƙi. Amma a gidanmu dai na san abin da ya faru, don ni na murɗa wayar, wani ya ɗaure bakin fis, Kawu kuma ya karɓi kuɗin hayar ɗaki uku bai taɓa tunanin wayar da aka sa don rediyo yanzu firji uku take ja ba. Mu uku muka haɗu muka ƙona takardun baiwar Allah. Kuɗin gyaran silin kaɗai ya ninka abin da na rage a Sabon Gari sau da yawa, ban da katifa.

Shika ta ƙara cika tun daga lokacin, ana ta fasa ɗakuna ana mayar da zaure shago, kowane shago da firizarsa ta ƙanƙara. Mai gida, kafin sanyin bana ya shigo a fara tsoma hita, ka zagaya ɗakunanka da na 'yan hayanka lokacin da akwai wuta kuma kaya na kunne. Ka ɗora bayan hannunka a fuskar kowane soket. In ka ji ɗumi, ko ka ga bakin ramin ya yi ruwan ƙasa, ko ka ji yana ɗan ƙara kamar ana soya abu, ka kashe layin nan tun daga allo, ka kira mai sana'ar a ranar. Ka kuma ɗaga labule ka duba bayansa.